Lambobi Shida a Kundin Yaƙin Bama: Yadda Ake Gano Inda Mazan Jiya Suka Taka

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban barikin Dalet ko na Kalapanzin a Kaduna ya karanta wani ɓangare na taswirar ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, ko da bai sani ba. Kalapanzin kogi ne a yankin Arakan, Dalet ma sunan rafi ne da ƙauye a can. Haka Myohaung da An da Tamandu a Legas, da Letmauk a Ibadan, duk garuruwa ne da ƙauyukan da sojojin Afirka ta Yamma suka ratsa a 1944 da 1945. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan rundunar Janar Wingate ya ɗauka, wadda bataliyoyin Najeriya ta 6 da ta 7 da ta 12 suka yi yaƙi a cikinta. Sunayen sun biyo mazan jiya gida. Amma idan jika ya tashi neman ainihin inda kakansa ya kwana, ko gaɓar da aka harbe shi, sunan gari kaɗai ba zai kai shi ba. Abin da zai tarar a takardun soja lambobi ne, galibi guda shida a jere, babu waƙafi babu bayani.

Takardun da nake nufi su ne kundin yaƙi, wato littafin da aka wajabta wa kowace bataliya da birged da runduna ta Birtaniya ta riƙa cikawa kullum muddin tana fagen daga. Fom ne guda mai lamba C.2118, an tsaga shi gida-gida: wuri, kwanan wata, lokaci, taƙaitaccen abin da ya faru, sai gefen ƙarin bayani. Ƙarshen wata a haɗa shi da umarnin farmaki da saƙonni da zanen hannu a aika sama. Yau suna ajiye a gidan adana tarihi na Birtaniya da ke Kew a Landan. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ƙarƙashin WO 95, na Indiya da Bama a yaƙi na biyu suna WO 172, na zaman rundunonin a Afirka ta Yamma kuma WO 173.

Akwai abin da ke sosa mini rai duk sa'ad da ake maganar waɗannan kundaye. Idan hafsa Bature ya ji rauni, da sunansa ake rubutawa. Idan kurtu ne ko kofur ɗan Afirka, sau da yawa sai dai adadi da haruffa uku, AOR, ma'ana ƙananan sojoji 'yan Afirka: biyu sun mutu, biyar sun jikkata. Masu dakon da suka ɗauki harsashi da abinci a ka suka haura duwatsu, su kam ambatonsu ya fi haka ƙaranci. To a irin wannan layin, abu ɗaya tak da ke ɗaure mutanen nan da ƙasa shi ne lambar da ke gefen adadin. Shi ya sa ban ɗauki karanta ta a matsayin wasan masu son lissafi ba. Wanda ya kwafe ta ba daidai ba ya sake ɓatar da mutumin da tun farko ba a rubuta sunansa ba.

Mu fara da yadda ake karanta ta. Taswirar soja an shimfiɗa mata raga, layuka na tsaye da na kwance, suka raba ta gurbi-gurbi kamar allon dara. Kowane layi da lambarsa mai alƙalami biyu a bakin takarda. Lambobin layukan tsaye suna ƙaruwa ne yayin da kake nufar gabas, wato dama, na kwance kuma yayin da kake nufar arewa, wato sama. A taswirar Bama mai ma'aunin inci ɗaya a madadin mil ɗaya, tsakanin layi da layi yadi 1,000 ne a ƙasa.

A ce ka ga 437862. Wannan lambar misali ce na ƙaga don bayani. Raba ta biyu daidai: 437 da 862. Rabin farko na gabas ne, na biyu na arewa, kuma wannan jeri ba ya sauyawa. Bahaushe ba zai sha wuyar riƙe wannan ba, tunda ko a bakinmu in za a lissafa kusurwoyi da gabas ake farawa. Nemo layin tsaye mai lamba 43, ka matsa dama kashi 7 cikin goma na gurbin. Nemo layin kwance mai lamba 86, ka haura kashi 2 cikin goma. Inda suka haɗu nan ne wurin. Sai dai wurin fili ne mai yadi 100 kowane gefe, kusan tsawon filin ƙwallo, kuma a dajin gora irin na Arakan mutum na iya wucewa ta gefen kamfani guda a fili kamar wannan bai gan su ba. In lambobin huɗu ne, kamar 4386, gurbin gaba ɗaya ake nufi, yadi dubu a yadi dubu. In takwas ne an matse zuwa yadi goma, irin wanda 'yan igwa da 'yan safiyo suka fi bukata. In kuwa ka ga biyar ko bakwai, dakata, akwai alƙalamin da ya faɗi a hanya. Wanda kuma ya juya jeren ya karanta arewa kafin gabas, a misalin nan namu zai tsinci kansa kimanin kilomita 55 daga inda ake nufi.

Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi, kowane kurtu da ya yi darasin taswira ya san shi. Wahalar tana cikin abin da mai rubutu bai rubuta ba.

Tunda lambobin layuka alƙalami biyu ne, daga 00 zuwa 99 suke ƙarewa su sake farawa. Ke nan 437862 tana maimaita kanta bayan kowane yadi 100,000, kimanin kilomita 91, abin da ya ɗan zarce nisan Kaduna zuwa Zariya. Maganin wannan shi ne haruffa biyu da ake sawa a gaba. A tsarin da Birtaniya ta koma a kai tun 1927, harafi na farko yana nuna babban fili mai faɗin yadi ko mita 500,000, na biyu kuma ɗaya daga cikin gidaje 25 da ke cikinsa, daga A zuwa Z ban da harafin I. Lamba mai haruffanta cikakken adireshi ce. Amma hafsan da ke rubutu a ƙarƙashin tanti ba ya damuwa da haruffa, don shi da duk wanda zai karanta a ranar sun san yankin da suke. Kamar mutumin Kano ne ya ce wa maƙwabcinsa yana Layin Masallaci. Maƙwabcin ya gane, amma baƙon da ya zo bayan shekara tamanin sai ya tarar kowace unguwa da nata Layin Masallacin.

Don haka aikin farko, tun kafin a taɓa lambar, shi ne gano wace takardar taswira ce ke hannun mai rubutun. Yawanci amsar ba ta cikin shafukan kullum. Tana cikin takardun da aka liƙa a bayan wata, musamman umarnin farmaki, domin ƙa'idar rubuta shi ita ce a fara da ambaton taswirar da aka dogara da ita, da ma'auninta da lambarta. In bataliya ba ta ambata ba, a duba kundin birged, in ba a samu ba a haura na runduna. Mutane da yawa suna ɗaukar hoton shafukan labari su tsallake waɗannan takardun na baya don ganin sun cika tsari da lissafin motoci da alfadarai, alhali makullin yana can.

Lambobin takardun ma suna da tsarinsu, kuma sanin shi yana rage wahala ƙwarai. Ma'aikatar safiyo ta Indiya ta yanka yankin zuwa manyan takardu masu digiri huɗu a digiri huɗu. Ta 84 ita ce ta rufe daga digiri 20 zuwa 24 arewa, da 92 zuwa 96 gabas, kuma kwarin kogin Kaladan yana cikinta. Kowace babba an raba ta 16, daga A zuwa P, ana gangarowa daga sama zuwa ƙasa kafin a matsa dama. Waɗannan su ne masu ma'aunin inci ɗaya a mil huɗu. Kowace ɗayarsu kuma an sake raba ta 16, daga 1 zuwa 16, su ne masu inci ɗaya a mil ɗaya. Da wannan lissafin Paletwa na faɗawa cikin 84 C, Kyauktaw cikin 84 D/13, Myohaung kuma 84 H/2. Da runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ta gangara kudu wajen Tamandu da An, ta fita daga 84 ta shiga 85. Ma'auni yana da tasiri a kan yadda za ka yarda da lamba: wanda ya karanto wuri daga taswirar mil huɗu, inda kaurin bakin fensir kaɗai ya rufe yadi ɗari da wani abu, ba za a auna maganarsa da ta wanda ke riƙe da ta 1:25,000 da aka zana daga hotunan jirgin sama ba.

Sai maganar yadi. Wanda ya saba da takardun yaƙin Turai zai zo da mita a kansa, saboda a Normandi da Italiya da Jamus ragar ta kilomita ce. A Indiya da Bama ta yadi ce. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne, don haka gurbi guda mita 914 ne. A gurbi ɗaya bambancin bai taka kara ya karya ba, amma a gurbi ashirin ya kusa kilomita biyu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Duniya a dunƙule take, takarda kuwa a shimfiɗe. Ba ka iya baje ƙwarya a ƙasa ba tare da ta tsage ba, sai dai ka yanka ta ƙanana, kowane yanki ya kwanta kusan daidai. Haka masu taswira suka yi: suka raba ƙasashe shiyya-shiyya, kowace da mafarin ƙirgenta. A Turai akwai shiyyar Nord de Guerre da ta ɗauki Beljiyam da Holan da Jamus, akwai shiyyoyin Lambert na Faransa, akwai na arewa da kudancin Italiya. A Bama arewaci na shiyyar Indiya IIB ne, mai cibiya a digiri 26 arewa da 90 gabas, kudanci kuma na IIIB mai cibiya a 19 arewa da 100 gabas. Arakan na kusa da inda suka haɗu, don haka karanta rubutun da ke bakin takarda wajibi ne, nan ake faɗin ragar da aka buga. Ƙari a kan haka, siffar duniyar da aka gina waɗannan taswirori a kai ita ce wadda George Everest ya lissafa a 1830, mutumin da aka sa wa dutsen nan mafi tsawo sunansa. Wayar da ke hannunka da wata siffar dabam mai suna WGS84 take aiki. Layin digiri ɗaya a tsarin biyu ba ya faɗawa wuri ɗaya, ratar na kai ɗaruruwan mita. Wanda ya kwafi digiri daga bakin tsohuwar taswira ya zuba a Google Earth kai tsaye zai ga alamarsa ta sauka a kan tudun da ke maƙwabtaka, ko a tsakiyar ruwa.

Shi ya sa ni na fi amincewa da tsohuwar hanya. A samo hoton ainihin takardar, a sa lambar a kanta da hannu, a ga me ke wurin: mahaɗar rafi biyu ce, ko ƙwanƙolin tudu, ko wurin bauta. Daga nan sai a nemi wannan siffar a hoton tauraron ɗan Adam. Manhajojin da ke juya lamba zuwa digiri suna da amfani, amma matsayinsu na mai ba da shaida na biyu ne. Tudu ba ya tashi daga inda yake. Kogi kuwa yana sauya hanya, musamman a ƙasan Kaladan inda ruwan teku ke shiga da fita, ƙauyukan kan duwatsu kuma suna ƙaura da sunayensu in gona ta gaji. In za a kafa hujja, a kafa ta a kan duwatsu.

Bari in ɗan ratse zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin duk mai bincike zai ci karo da nasa tsarin, kuma ya sha bamban. Sojojin Najeriya ba su shiga ramukan Beljiyam ba, su Garwa da Mora na Kamaru da Afirka ta Gabas suka yi, amma a waɗancan ramukan ne wannan al'ada ta kafu, lokacin da igwa ta fara harbin abin da mai harbin ba ya gani. Lamba a can kamar haka take: 28.I.29.c.7.3. Ita 28 lambar takarda ce mai ma'aunin 1:40,000, wadda garin Ypres ke cikinta. An raba takardar gida 24, daga A zuwa X, shida a jere sau huɗu. Kowane harafi na ɗauke da gurabe masu yadi dubu, 36 a layuka biyu na tsakiya, 30 a na sama da na ƙasa. Kowane gurbi an tsaga shi huɗu: a da b a sama, c da d a ƙasa, kowanne yadi 500. Lambobin ƙarshe kashi goma ne na wannan ɗari biyar ɗin, daga kusurwar kudu maso yamma. Ke nan 7.3 na nufin yadi 350 gabas, 150 arewa. Tarkon a nan shi ne kowane taki yadi 50 ne, wanda ya zo da lissafin ɗari daga yaƙi na biyu zai ninka nisan. Sannan c.7.3 da c.70.30 wuri ɗaya ne, amma c.07.03 wani wuri ne dabam, yadi 35 da 15 kacal daga kusurwa. Kuma tunda kowace takarda tana da nata I.29, lamba marar lambar takarda marainiya ce. Faransawa kuwa ragar kilomita suka bi, don haka wanda ke bin sawun kakansa daga Nijar da ya yi wa Faransa soja zai tarar da wani lissafin a kundayensu, waɗanda na yaƙin farko an ɗora su a intanet a shafin Mémoire des hommes.

Mu koma Bama. Ba kowace lamba a kundi ce lambar gurbi ba. In ka ga Pt 551 ko Hill 170, tsawon tudun ne da ƙafa kamar yadda aka buga a taswira, sojoji suka mayar da shi suna. Hill 170 na Kangaw ƙafa 170 ne. A Turai kuwa da mita ake, Hill 60 na kusa da Ypres mita 60 ne. Tudu mai tsawon ƙafa dubu da wani abu zai ba ka alƙalami huɗu, ya yi kama da lambar gurbi sak, ga kuma lokaci da ake rubutawa 0630 ko 1415, shi ma huɗu. Akwai sunayen da sojoji suka raɗa da kansu waɗanda ba su kan kowace taswira, kamar White City da Aberdeen, sansanonin da 'yan Najeriya na rundunar Chindit suka tsare a 1944. Akwai kuma saƙonnin oba-oba, inda ake sirranta lambar wuri kafin a faɗa don kada Japanawa su ji, har da wata na'urar kati mai suna Slidex. In irin wannan saƙon ya shiga kundi ba a warware shi ba, duk ƙoƙarin sa shi a taswira ɓata lokaci ne. Sanin 'yan kalmomin Bama ma na taimakawa: chaung rafi ne, taung tudu, ywa ƙauye. Sunayen manyan wurare kuma sun sauya, Akyab ta zama Sittwe, Myohaung ta koma Mrauk-U, Arakan ita ce Rakhine.

Ko an gano takarda, an gano shiyya, an karanta daidai, saura tambaya guda: shi mai rubutun ya san inda yake? A nan ya kamata mu yi masa adalci. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner ta shiga Kaladan ne ta hanyar jif da ta sare da hannunta cikin duwatsu, mai tsawon mil saba'in da ɗoriya, kuma daga sama jirage ke jefo mata abinci da laima. A wurinsu lambar gurbi maganar ci da sha ce, in ta kauce buhunan shinkafa su sauka a hannun abokan gaba. Sun ɗauke ta da muhimmanci. Duk da haka, mutum ne a cikin kurmin da ba a hango komai, tuddai duk kamar an haife su rana ɗaya, taswirar kuma an yi safiyonta tun kafin yaƙi. Shugaban sintiri yana kintace ne da kamfas da ƙirgen taku da agogo. Sau da yawa kuma kundin ba a ranar ake cika shi ba, sai bayan kwanaki, daga guntayen saƙonni. Daga nan akawu ya buga da tafireta, kofi na uku a ƙarƙashin takardar kabon, inda 3 da 8 ke zama tagwaye, 1 da 7 ma haka, 0 da 6 ma haka.

Dubi abin da alƙalami ɗaya zai iya yi a wuri kamar Kyauktaw. Garin na gaɓa ɗaya ta Kaladan, tudun da sojoji suka kira Pagoda Hill na ɗaya gaɓar. A farkon Maris 1944 Japanawa suka ƙwace tudun, abin da ya tilasta wa rundunar ja da baya. Wanda ke son fahimtar wannan makon dole ya san wane kamfani ne ke wane gefen ruwa a wane sa'i. Kuskuren alƙalami na biyu a rabin gabas yana matsar da mutane yadi dubu ko fiye, ya tsallakar da su kogin da ba su tsallaka ba, daga nan sai mai tarihi ya ɗora wa wasu laifin barin wurin da ba a taɓa ajiye su ba.

Gwajin da ya fi kama kuskure shi ne na ƙafa da lokaci. Jera lambobin kwana uku ko huɗu a kan takarda, ka bi su da ido. Mutanen da ke ɗauke da kaya a ka, suna sara da adda a gaba, ba sa cin mil goma sha biyar kafin azahar su dawo da la'asar. In lamba ɗaya ta yi tsalle ta bar 'yan uwanta, ita ce abin zargi. Sai a duba bayanin da ke gefenta: in an ce mashigin rafi, lambar kuma ta faɗa kan ƙwanƙolin dutse, ɗayansu ya kauce. Sai a nemi shaidar maƙwabta. Bataliya ta 4 ta Najeriya tana birged ɗaya da ta Gambiya da ta Saliyo, abin da ya faru da ɗaya galibi sauran sun rubuta, kowa da lambarsa. Kundin 'yan igwa ya fi kowanne tsantseni a kan wuri, don sana'arsu ke nan.

To in an gano kuskure, me za a yi? Nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Kada a gyara a cikin kwafin. Abin da ke takarda shi za a kwafa, harafi da harafi, ko da ido na ganin an juya alƙalami biyu. Gyaranka ya zauna a gida na dabam, da dalilinka a gefe: kundi ya ce kaza, ina ganin kaza ake nufi, saboda kundin birged na ranar ya ce kaza. Malaman da suka kwafi littattafai da hannu a zaurukanmu sun san wannan ladabin, matani a tsakiya, sharhi a gefe, ba a cakuɗa su. Mai gyara a ɓoye yana iya yin daidai sau tara, amma na goman da ya kuskure babu mai iya kama shi, domin ya shafe sawun. Alƙalamin da bai fito ba a sa masa alamar tambaya, kada a cike da zato. Tare da kowace lamba a rubuta lambar fayil da shafi, da kwanan wata da sa'a, da takardar taswira da ma'auninta da bugunta, da kuma inda ka samo wannan bayanin, ko kundin ne ya faɗa ko kai ka ciro. Bugu yana da muhimmanci saboda takarda ɗaya an sha sake buga ta da gyare-gyare ana tsakiyar yaƙi.

Masu aiki da kwamfuta su kula da wata ɓarna da ke faruwa shiru. In ka zuba 043862 a Excel ba tare da ka mayar da gidan na rubutu ba, sifilin gaba zai ɓace, ka wayi gari da lamba biyar marar ma'ana. Manhajar na iya mayar da 7.30 zuwa 7.3, ko ta ɗauki wata lambar a matsayin kwanan wata. Manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto ma sun fi tuntuɓe a kan lambobi, don a kalma suna iya cankar harafin da ya dushe daga ma'ana, a lamba kuwa babu ma'anar da za ta cece su. Tsofaffin tafiretoci da yawa ma ba su da alƙalamin 1, da ƙaramin harafin L ake buga shi. Kowace lamba sai an sake duba ta da ido a kan hoton asali.

Sannan a guji nuna ƙwarewar da babu ita. Na'ura za ta ba ka digiri da alƙalami shida bayan ɗigo, wanda ke nuna wuri daidai da faɗin tafin hannu. Asalin maganar kuwa fili ne mai yadi ɗari, wanda gajiyayyen mutum ya kintata. Alƙalami uku bayan ɗigo ya wadatar, tunda 0.001 na digiri kimanin mita 111 ne. In za a zana a taswira, da'ira ta fi ɗigo gaskiya, a kuma faɗi faɗinta: wannan na amince da shi cikin mita ɗari biyu, wancan cikin kilomita guda. Iyalin da za a miƙa wa wannan bayanin za su riƙe shi da zuciya ɗaya, wataƙila su nuna wa 'ya'yansu, don haka hakkinsu ne a gaya musu iyakar abin da aka tabbatar.

Inda wannan ya fi nauyi shi ne maganar kaburbura. Wanda ya faɗi a daji a nan ake binne shi, a rubuta lambar gurbin a rahoto. Bayan yaƙi masu tattara gawawwaki suka bi waɗannan lambobin. A Faransa da Beljiyam takardun hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel suna nuna lambar inda aka tono kowane mamaci kafin a mayar da shi babbar maƙabarta, kuma da yawa ana iya ganin su a shafin hukumar. A Bama an tattaro kaburbura daga Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw zuwa Taukkyan, arewa da Yangon. A tsakiyar wannan maƙabarta akwai ginshiƙan tunawa da ke ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma, sunaye irin namu da lambobin aikinsu. Ga wanda sunan kakansa ke jikin ginshiƙan nan, hanyar da ta rage ita ce ya ɗauki ranar rasuwar da sunan bataliyar daga rajistar hukumar, ya buɗe kundin WO 172 na wannan watan, ya nemo layin ranar. Paletwa da Kyauktaw da Mrauk-U duk yaƙi ya sake komawa cikinsu a 'yan shekarun nan, zuwa can ba abu ne mai sauƙi ba yanzu. Amma takardar 84 H/2 tana nan, tuddan da suka kewaye Myohaung, inda rundunonin 81 da 82 suka haɗu a ƙarshen Janairun 1945, suna nan yadda aka zana su, kuma ana iya ɗora yatsa a kan gurbin a karanta masa Fatiha daga Kawo ko Tudun Wada.